Jinin yaro ya yi ƙasa: a binciki dalili kafin a sayi kwalba

Daga watan Agusta zuwa Oktoba, lokacin da damina ta nutsa kuma sauro ya yi yawa a ƙasar Kankara da Faskari da Sabuwa, babu maganar da iyaye ke yawan ji a asibiti kamar wannan: "Jininsa ya yi ƙasa." Abin da ke biyo baya kowa ya sani. Uban yaro zai nufi kemis ya sayo kwalbar maganin ƙarin jini, wata gwaggo ta ce a haɗa masa lemun malt da madarar gwangwani, maƙwabciya ta aiko da zoɓo saboda jansa ya yi kama da jini. Duk ƙauna ce ta kawo wannan, ba na musu. Amma a matsayina na mai harhaɗa magunguna a asibiti, ra'ayina shi ne a lokuta da yawa an bar jaki ana dukan taiki, kuma wani lokacin dukan taikin yana jinkirta abin da zai ceci ran yaron.

Ruwa ba ya tsami banza. Idan jini ya ragu a jikin mai zazzaɓi, akwai dalilai da ke aiki tare, kuma ɗaya daga cikinsu shi ne jikin da kansa ya ɓoye abin da ake yin jini da shi, da gangan. Sai an fahimci wannan kafin a gane me ya sa kwalbar ba ta aiki.

Idan ƙwayar cuta ta shiga jiki, ko ta maleriya ce, ko baktiriya, ko kuma an ji rauni ko an ƙone, fararen ƙwayoyin jini da ke wurin su ne ke fara gamuwa da ita. Ba su tsayawa ga faɗa kawai, suna sakin wasu ƙananan sinadarai cikin jini da ke kai labari ko'ina. Masana suna kiran su sitokin, kuma manyansu a wannan aiki uku ne: intalukin-1, da TNF, da intalukin-6. Su ne ke isa ƙwaƙwalwa su sa ta ɗaga zafin jiki, su ne ke kashe sha'awar abinci, su kawo kasala da ciwon gaɓɓai. Wato yawancin abin da muke kira jin jiki, amsar garkuwar jiki ce ga cutar. Wannan yanayi shi ake nufi da kumburi a harshen likitanci, ko da ido bai ga wani wuri ya kumbura ba.

Intalukin-6 yana da wata babbar manufa, ita ce hanta. Hanta ce ke sarrafa yawancin furotin da ke yawo cikin ruwan jini, kuma da saƙon ya iso sai ta sauya jadawalin aikinta cikin sa'o'i. Ta ƙara yin wasu, ta rage wasu. Cikin waɗanda take ƙarawa akwai CRP, wanda ke manne wa ƙwayoyin cuta da matattun ƙwayoyin jiki don a gane su a kawar. Akwai fibrinojen mai taimaka wa jini ya daskare. Akwai feritin, ma'ajin sinadarin ƙarfe. Akwai kuma hefsidin. Cikin waɗanda take ragewa akwai albumin, da tiransferin mai dakon ƙarfe a cikin jini.

Hefsidin shi ne abin da nake so iyaye su sani, ko da sun manta sunan. Ba a daɗe da gano shi ba, a shekarun 2000 da 2001 aka fara bayyana shi, kuma a 2004 aka gano yadda yake aiki. Jikin babban mutum yana ɗauke da ƙarfe kimanin giram 3 zuwa 4, yawancinsa cikin jajayen ƙwayoyin jini. Kowace ƙwaya tana rayuwa kamar kwana 120, sannan saifa da hanta su farfasa ta su mayar da ƙarfenta a sake aiki da shi. Ta wannan hanya jiki ke juya miligiram 20 zuwa 25 a kullum, alhali abin da hanji ke tsotsa daga abinci bai wuce miligiram 1 zuwa 2 ba. Ƙarfen nan, na hanji da na saifa, ta ƙofa iri ɗaya yake fita ya shiga jini, kuma hefsidin ne ke rufe ta. Da zarar intalukin-6 ya yi yawa, hefsidin ya yi yawa, ƙofa ta rufe. Ƙarfen yana nan a jiki, amma a kulle, kamar magidancin da ya ji ƙishin-ƙishin ɓarayi ya garƙame rumbunsa, iyalinsa suka kwana da ɗan abin da ke tukunya.

Dalilin kullewar shi ne ƙwayoyin cuta su ma da ƙarfe suke hayayyafa. Baktiriya na nemansa, ƙwayar maleriya na nemansa. Jiki ya gwammace ya jure ƙarancin jini na ɗan lokaci da ya ciyar da abokin gaba. To idan aka ɗura wa yaro cokalin maganin ƙarfe a tsakiyar zazzaɓi, kaɗan ne zai wuce bangon hanji. Binciken da aka yi a Gambiya da Benin da Kodebuwa ya nuna tsotsar ƙarfe na raguwa sosai muddin ƙwayar maleriya na cikin jini, ko da babu zazzaɓi a fili, kuma tana farfaɗowa bayan an kashe ƙwayar. Sauran da bai shiga ba yana zama cikin hanji, ya kawo ciwon ciki, ko gudawa, ko bushewar bayan gida.

Da a ce asarar kuɗi ce kawai, da da sauƙi. A tsibirin Pemba na ƙasar Tanzaniya, inda maleriya ke da ƙarfi, an gudanar da babban gwaji kan yara fiye da dubu 24, aka riƙa ba wasunsu ƙarfe da folik asid kullum ba tare da tantance wanda ke buƙata ba. Sakamakon da aka buga a 2006 ya nuna waɗanda aka ba sun fi sauran kwanciya asibiti ko mutuwa da kimanin kashi 12 cikin 100, har aka dakatar da wannan sashe na gwajin kafin wa'adinsa. Daga baya bincike ya nuna haɗarin yana gushewa idan akwai gidan sauro, da gwaji, da maganin maleriya a kusa. Shi ya sa matsayar Hukumar Lafiya ta Duniya a yau ita ce: a yankin maleriya a ba yara ƙarfe, amma tare da rigakafin maleriyar da gano ta da magance ta. Mu a nan mun ɗauki rabin farko na wannan magana mun bar rabin ƙarshe.

Na san abin da za a ce mini, kuma magana ce mai nauyi. Mutumin Pauwa ko na wani ƙauye a bakin dajin Sabuwa ba kullum hanya ke ba shi damar isa Babban Asibitin Kankara ko na Funtua ba. Shekaru ke nan matsalar tsaro ta sa tafiyar da a da ake yi kafin hantsi ta zama abin da sai an yi shawara, kuma tun sace ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta Kankara a Disambar 2020 duniya ta san halin da yankin ke ciki. Wanda ke cikin wannan hali, abin da ke shagon mai kemis na ƙauye shi ne asibitinsa. Sannan ƙarancin ƙarfe na gaskiya ya yi katutu a cikinmu: binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya samu kashi 68 cikin 100 na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara biyar da ƙarancin jini, da kashi 58 na mata masu shekarun haihuwa, kuma wani babban kaso na wannan daga rashin ƙarfe ne. Don haka ni ba maƙiyin maganin ƙarfe ba ne, kullum ina bayar da shi. Abin da nake jayayya a kai shi ne jerin: me za a fara, me za a biyo da shi. Idan kuɗin hannu ba za su isa abu biyu ba, gwajin maleriya na tsinke, wanda ke ba da amsa cikin minti 15 zuwa 20, da cikakken maganinta na kwana uku, su suka cancanci kuɗin. Kwalba ta jira. Ita kuwa madarar, ba ta da wani ƙarfe na a zo a gani, amma tana da amfani a wani wuri: maganin maleriya mai haɗin atemeta da lumefantirin ya fi shiga jiki idan an sha shi da abu mai maiƙo, don haka a ba yaro madarar ko nono lokacin shan kowane kashi cikin shidan.

Akwai yara iri biyu da nake roƙon kada a ba su maganin ƙarin jini sai da umarnin likita.

Na farko mai tamowa mai tsanani, musamman wanda ƙafafunsa suka kumbura. A irin wannan yaro albumin ya yi ƙasa, tiransferin ma ya yi ƙasa, saboda yunwa da kuma cutar da kusan kullum ke tare da ita. Idan babu isasshen mai dakon ƙarfe, ƙarfen da ya shiga jini zai yi yawo a sake, ya lalata ƙwayoyin jiki ya kuma ciyar da baktiriya. Shi ya sa a cibiyoyin tamowa ba a ba da ƙarfe a kwanakin farko ko da yaro ya yi fari fat. Ana fara shi da madarar F-75 da maganin kashe ƙwayoyin cuta, sai ya dawo da cin abinci ya fara ƙara nauyi. Abincin gyaɗar nan na leda da ake ba su ya riga ya ƙunshi ƙarfen da suke buƙata, ba a ƙara masa wani. Wannan ba ƙaramar magana ba ce a jiharmu. A Yulin 2025 ƙungiyar likitoci ta MSF ta sanar da cewa yara 652 sun rasu a cibiyoyinta na jihar Katsina cikin wata shidan farko na shekarar, kuma ta danganta hakan da rashin isowa a kan lokaci. Kowane mako da aka ɓata ana gwada kwalba a gida, daga cikin lokacin nan ne aka cire shi.

Na biyu mai sikila. Jininsa kullum a ƙasa yake domin ƙwayoyinsa na saurin fashewa, amma ƙarfen da ke cikinsu ba ya zubewa, yana komawa ma'aji. Idan kuma ana yi masa ƙarin jini a kai a kai, kowace leda na shigo da miligiram 200 zuwa 250, kuma jiki ba shi da hanyar fitar da rarar. Yana taruwa a hanta da zuciya. Folik asid ake ba mai sikila, ƙarfe kuwa sai gwaji ya tabbatar da rashinsa.

A nan ma gwajin yana iya yaudara, kuma ya kamata majinyaci ya sani. Feritin shi ake aunawa don a san yawan ƙarfen da ke ajiye, amma feritin na cikin abubuwan da hanta ke ƙarawa lokacin kumburi. Sai mutum ya kasance rumbunsa wayam, takarda ta nuna lafiya lau. Saboda haka ne a ƙa'idarta ta 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa iyaka biyu. Ga yaro ɗan ƙasa da shekara biyar mai lafiya, ƙasa da maikirogiram 12 a lita shi ne rashin ƙarfe, amma idan yana da ciwo ko kumburi iyakar ta koma 30. Ga babba, daga 15 ta koma 70. Lamba ɗaya, ma'ana biyu, gwargwadon halin da jiki ke ciki ranar da aka ɗibi jinin. Haka albumin: faɗuwarsa a jikin mai ciwo ba lallai ne ta nuna ba ya cin abinci mai kyau ba, domin kumburi na rage yinsa, yana kuma sa shi tsiyayewa daga jijiyoyi.

Gwajin ESR, wanda ƙananan ɗakunan gwaji suka fi yi saboda araha, shi ma ɗan wannan gida ne. Ana tsayar da jini cikin siririn bututu a ga nisan da jajayen ƙwayoyi za su nitse cikin awa ɗaya. Fibrinojen idan ya yi yawa yana sa su manne da juna kamar an jera kwabbai, su yi nauyi su nitse da sauri. Sai dai juna biyu na ɗaga shi, tsufa na ɗaga shi, ƙarancin jini kansa na ɗaga shi, kuma yana ɗaukar makonni kafin ya sauka. Ba ya faɗin sunan cuta. Amma idan mutum ya yi watanni jininsa na ƙasa, ya sha kwalba uku babu sauyi, ESR kuma a sama, to akwai wutar da ke ci a wani wuri: tarin fuka, ko cutar ƙoda, ko ciwon ƙashi, ko gyambon da ya ƙi warkewa, ko ƙanjamau, ko wani abu da sai Shika ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina za su iya ganowa. Tari na mako biyu da rama da gumin dare, gwajin majina yake nema, kuma gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati.

CRP ya fi ESR kaifi. Tun 1930 William Tillett da Thomas Francis suka gano shi a jinin masu ciwon huhu a Cibiyar Rockefeller ta birnin New York. A jikin mai lafiya bai kai miligiram 5 a lita ba. Yana fara hawa sa'o'i 6 zuwa 8 bayan ciwo ya soma, ya kai ƙololuwa cikin kwana biyu, kuma yana iya ninkawa ɗaruruwa. Idan an kashe cutar, rabinsa na ɓacewa cikin kimanin awa 19, don haka likita na iya ganin ko maganin da ya bayar yana ci. A Biyetnam an gwada shi a ƙananan asibitoci ga masu mura da tari, sakamakon 2016 ya nuna shan maganin kashe baktiriya ya sauko daga kashi 78 zuwa 64 cikin 100 ba tare da an ga ƙarin illa ba. Ina ganin manyan asibitocin kudancin Katsina sun cancanci wannan gwaji fiye da gwajin Widal da ake yi wa kowane mai zazzaɓi a ce masa taifot. Amma da sharuɗɗa biyu. Maleriya ma na ɗaga CRP, don haka sai an fara cire ta daga lissafi. Kuma jariri sabon haihuwa da ya ƙi kama nono, ko jikinsa ya yi zafi ko sanyi, ba a jiran CRP a kansa, domin a sa'o'in farko yana iya fitowa daidai alhali cutar ta riga ta shiga jini.

Sai batun da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, wato haɗin da ake ƙulla wa mutane a leda. Sau da yawa idan majinyaci ya kwance ledar a gabana, ina tarar da ƙwayar deksametason a ciki, wadda wasu ke sha don ƙiba da sunan sha-ka-fashe, tare da diklofenak. Deksametason na toshe sitokin ɗin nan tun daga tushe. Zazzaɓi ya sauka, ciwon jiki ya tafi, cin abinci ya dawo, mai shago ya yi suna. Ƙwayar cutar kuwa tana nan tana ƙaruwa, an dai rufe bakin mai shela ne. Magani ne mai daraja a wurinsa: a Yunin 2020 gwajin RECOVERY na Birtaniya ya nuna yana rage mutuwar masu korona da ke kan na'urar numfashi da kashi ɗaya cikin uku, domin a wurinsu garkuwar jiki ce ta wuce gona da iri. Amma gwajin bai ga amfaninsa ga waɗanda ba su buƙatar iskar oksijin ba. A maleriyar da ta taɓa ƙwaƙwalwa kuwa, tun 1982 bincike a Tailan ya nuna yana tsawaita suma. Shi kuma diklofenak, idan aka daɗe ana sha, yana gurje bangon ciki jini ya riƙa tsiyaya a ɓoye, sai ga rashin ƙarfe na gaskiya ya samu, a koma shago ɗaya a sayi kwalba. Wanda ya yi makonni yana shan deksametason kada ya yanke shi rana ɗaya, a hankali ake janye shi a hannun likita. Hukumar kula da harhaɗa magunguna ta ƙasa da ƙungiyar masu kemis suna da aiki a nan, domin wannan ba maganin da doka ta yarda a sayar ba takardar likita ba ne.

Mata masu juna biyu kada su ɗauki maganata su ajiye ƙwayoyin awo. Buƙatarsu ta ƙarfe ta ninka, kuma tsarin awo ya riga ya haɗa shi da gidan sauro da maganin rigakafin maleriya na SP, wato an cika sharaɗin. Abin lura ɗaya: folik asid na miligiram 0.4 shi ya dace da SP, na miligiram 5 yana rage masa ƙarfi. Mai cikin da ta ga ranta na biya mata farar ƙasa, wadda Kankara ba ta rasa ta ba, ta faɗa wa ma'aikaciyar awo, domin sau da yawa wannan kwaɗayi alamar rashin ƙarfe ce. Haka maganin rigakafin damina da ake bi gida-gida ana ba yara 'yan wata 3 zuwa 59, wanda a Nijeriya a Katsina aka fara gwada shi a 2013: kashi na rana ta biyu da ta uku da ake bar wa uwa, a bayar da su. Yaron da bai kamu da maleriya ba, ƙofar hanjinsa a buɗe take, kuma ɗan ƙarfen da ke cikin wake da zogale da hantar da aka samu ranar kasuwa zai shiga.

Idan an gama maganin maleriya, zazzaɓi ya tafi, tafin hannun yaro kuma har yanzu fari ne, wannan ne lokacin ƙarfe, a ma'aunin da ma'aikacin lafiya ya yanka bisa nauyinsa. Ana shan sa wata uku, ba kwalba ɗaya ba, domin bayan jini ya dawo sai an cika ma'aji. A raba shi da shayi da madara da awa biyu, a haɗa shi da lemun zaƙi ko gwaiba ko garin ƙwame. Bayan gida zai yi baƙi, ba abin tsoro ba ne. A rataye ƙwayoyin inda hannun yara ba ya kai, domin 'yan kaɗan na manya sun isa su kashe ɗan shekara biyu.

Amma yaron da ya yi fari yana numfashi sama-sama, ko ya kasa zama, ko ya kasa sha, ko yana jijjiga, ko fitsarinsa ya koma kalar shayi, ya wuce maganar kwalba da gwajin tsinke. Idan PCV ya faɗi ƙasa da 15, ledar jini da allurar atesunet yake buƙata a ranar. A tafi da shi asibiti mafi kusa da ke ƙarin jini, kuma a tafi da 'yan uwa biyu ko uku masu lafiya waɗanda za a iya ɗibar jininsu.